Raɓa a Ɗaki na Uku

Sunanta Dosta, kuma a yaren mutanen garinsu, Prilep, ma'anar kalmar ita ce "ya isa". Mata ne zalla suka riga ta zuwa a gidansu. Da ungozoma ta fito ta gaya wa ubanta cewa an sake samun mace, yana zaune a tsakar gida yana zura ganyen taba a basilla, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Dosta." Aka rasa gane ko suna ya raɗa ko ƙorafi ya kai wa Allah, sai aka haɗa biyun aka tafi da ita coci.

Haka ta tashi da suna mai baki biyu. In uwarta ta ƙwala kira daga gona, sai ta tsaya ta saurara, nemanta ake yi ko cewa ake ta bari. Yawanci duka biyun ne.

Taba ce ta raine ta, kamar kowa a nan. A tsinki ganye kafin rana ta fito, a zura a zare, a shanya a jikin bango. Danƙon taba ya zauna mata a yatsu har burodin da ta gutsura ɗaci yake yi. Amma aikin da ya fi shiga jikinta shi ne na lokacin sanyi, in ganye ya gama bushewa. Busasshiyar taba ba a taɓa ta haka kawai, rugujewa take yi ta zama gari, wahalar shekara ta bi iska. Sai an sauke ta ɗakin ƙasa ta sha danshi, ta yi laushi kamar fatar kunne, sannan a jera a ɗaure. In shekara ta zo da bushewa har ɗakin ƙasa ya gaza, sai a guntsi ruwa a baki a fesa mata. Ba tofi ba ne. Leɓe ake matsewa, ruwan ya fita kamar hayaƙi ya sauka a kan ganye ba tare da ya yi ɗigo ba. Wanda bai iya ba jiƙa tabar zai yi sharkaf ta ruɓe.

Mijinta Metodija gwani ne a wannan. Aikinsa ke nan a babban siton taba da ke bakin gari, shi ya koya mata a gida. In ta fesa ta wuce kima sai ya ce, "Dosta."

"Na'am?"

"Ba ke ba, ruwan."

Wasan da suka tsufa da shi ke nan. Ba masu yawan magana ba ne su biyun, wannan ɗin ya wadatar da su.

Ƙurar taba ce ta cinye masa huhu. A kwanakinsa na ƙarshe ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, leɓensa duk sun tsattsage. Sai ta riƙa guntsar ruwa tana fesa masa a fuska kamar yadda ya koya mata, ta ga numfashinsa yana ɗan kwantawa. Wata rana da la'asar, bayan ta fesa, ya buɗe ido ya ce, "Dosta." Ta ce, "Na'am?" Ta jira sauran maganar. Bai ƙarasa ba, bai kuma sake cewa komai ba a duniya. Ko kiranta ya yi, ko cewa ya yi ya isa, ba ta sani ba. Ba ta gaya wa kowa ba, amma abin bai taɓa barin ƙirjinta ba.

Bayan nan taba ta daina ciyar da mutane. Ɗansu ɗaya tilo, Spase, ya tafi Jamus neman aiki. Aka rufe siton, tantabaru suka mai da shi gida. Can sai wasu masu kuɗi suka saye shi, da izinin gwamnati na noman wiwi don haɗa magani. Suka toshe tagogi da bulo, suka shafe ciki da farin fenti, suka yanka shi ɗaki-ɗaki, suka kewaye shi da waya da kyamarori. Da za su ɗauki ma'aikata, matan taba suka nema, don hannunsu ya san ganye. Dosta ta shiga layi aka ɗauke ta.

Spase bai so ba. Kullum ya kira waya maganar ɗaya ce.

"Mama, na gyara miki ɗaki. Me kike yi a cikin wiwi da shekarunki?"

"Aiki."

"To ki ji. Ranar da aikin nan ya ƙare, ko ranar da na ji kanki ya fara irin na kaka, zuwa zan yi in ɗauke ki. Ba shawara."

"Na ji. Kafin nan ka bar ni."

Ta san abin da yake nufi da irin na kaka. Uwarta a ƙarshen rayuwarta takan zauna a bakin ƙofa da basilla ba zare, tana zura iska daga safe har yamma, in an karɓe basillar ta yi kuka. Ɗakin Jamus kuwa Dosta ta gan shi a waya: can sama a bene, taga ba ta buɗuwa sosai, ba ƙasa ko ta cikin tukunya. Kabarin Metodija kuma yana nan. Saboda haka aikin ba albashi kaɗai ba ne a wurinta, shi ne igiyar da ta ɗaure ta da gidanta.

Malamar gona da ke kula da shukar yarinya ce mai suna Frosina, ba ta daɗe da gama karatu ba, mai hankali ce, ba ta ɗaga wa manya murya. Ranar farko ta tara matan sanye da fararen riguna da hular gashi da takunkumi, ta yi musu bayani.

"Ƙananan rassa da muka yanko, ba su da saiwa tukuna, ta ganye suke sha. Waɗannan a fesa musu, feshi mai laushi. In sun yi saiwa a rage, su koyi sha daga ƙasa. Amma da zarar shuka ta fara fure, ko ɗigo ɗaya ban yarda ya taɓa ta daga sama ba. Furen a dunƙule yake, in ruwa ya shiga ba ya fita. Funfuna za ta ci shi daga ciki, waje yana kyau ciki ya ruɓe. Kuma marasa lafiya ne za su sha."

Menka, wadda suka yi ƙuruciya tare da Dosta kuma bakinta ba ya rufuwa, ta ce, "Wato kamar namiji. Yana ƙarami a lallaɓa shi, in ya girma a bar shi da ƙishi."

Aka yi dariya. Aka miƙa wa Dosta gorar feshi, aka ba ta ɗakin dashe. Ita kaɗai ke riƙe da gora a duk gidan, kuma gorar ba ta ƙetare ƙofar ɗakin.

Ɗakunan fure dabam suke. Lantarki ya fi araha da dare, don haka da dare ake kunna musu fitilu, da rana a kashe. In rana ta take tsaka a waje, ana jin ƙarar motoci da kukan jaki, ciki duhu ne wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Ba a shiga da farin haske, shukar rikicewa take yi. Sai da koriyar fitila da ake ɗaurawa a goshi, wadda ke mai da komai launin ƙasan tafki. Akwai injinan da ke tsotse danshi daga iska su tara a bokiti, kuma dole wani ya zubar da bokitan da tsakar rana. Dosta ta ɗauki wannan aikin da kanta. Ba ta son surutun wurin cin abinci, gara ta ci wakenta ita kaɗai daga baya.

Shekara ta zagayo lafiya. Sai a cikin rani, lokacin da shukar ɗaki na uku ta kusa girbi, Frosina ta shiga zagayenta na bayan cin abinci ta tarar da ganye a jiƙe. Layi ɗaya ne, wanda ke jikin bangon arewa. Ruwa ya kwanta a kansa lif kamar raɓar asuba, a ɗakin da bai taɓa ganin sama ba.

Ta kira Naum, shugaban ma'aikata, mutum mai ƙaton ciki da ƙaramin haƙuri. Ya haska sama ya duba rufi, ba yoyo.

"Ba ita shukar ke fitar da shi ba? Kin ce tana yin haka."

"Tana yi, in saiwa ta sha ruwa da yawa. Amma a bakin ganye yake tsayawa, ɗigo-ɗigo kamar ƙwalla. Dubi wannan, har tsakiyar ganye, har kan fure. Fesawa aka yi."

Naum bai je da nisa ba. Ya tarar da Dosta a ɗakin dashe, ya kira ta Teta, wato inna, kamar yadda ake kiran manyan mata a nan.

"Teta Dosta, ke ke shiga ɗaki na uku da rana, ke kuma ke da gora. Ba na son dogon zance."

Ita ma ba ta so. Ta tsiyaye ruwan gorar, ta miƙa masa.

"Kulle ta a ofishinka. In ina bukata in zo in karɓa a gabanka, in mayar a gabanka."

Haka aka yi. Washegari Frosina ta shiga, layin bangon arewa yana sheƙi da ruwa. Jibi ma haka. Naum ya zauna ya kalli abin da kyamara ta ɗauka: ga Dosta ta shiga hannu wofi, ta ɓace a bayan dogayen shuke-shuke inda kyamara ba ta kaiwa, ta fito da bokiti. Ba gora. Ya tare ta a ƙofa ya ce ta zazzage aljihu. Ƙyallen share gumi ne da kwalbar ruwan sha mai murfi, irin wadda kowa ke ɗauke da ita saboda zafin rigar aiki. Bokitin ma a cike yake ta fito da shi, ba wanda ya watsa shi. Ya ba ta haƙuri da rabin baki.

Menka ce ta fara faɗar abin da sauran ke tsoron faɗa. Suna tuɓe riguna da yamma ta ce, "Ku tsaya. Kafin a yanka siton nan, me ke jikin bangon arewa?"

Duk sun sani. Nan teburin Metodija yake, nan yake tsayawa da tulunsa yana tausasa taba.

"Ke Menka, rufa mana baki," in ji wata, tana yin alamar gicciye a ƙirji.

"Ni na kira shi? Mutum ya yi rayuwarsa yana jiƙa ganye a wuri, ya dawo ya tarar an bar ganye yana bushewa, me kuke so ya yi?"

Ranar Lahadi, da ma'aikata ke hutu, Frosina ta zo da kanta ta zubar da bokitai, ta duba, ganye a bushe. Ta gaya musu ran Litinin da murna, tana zaton an rabu da abin. Menka ta tafa hannu.

"Ai ga shi nan! Yaushe kuka taɓa ganin Metodija ya yi aiki ran Lahadi?"

Wasu suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Dosta ba ta yi ba. Wani abu mai sanyi ya taɓa ta a ƙeya, ta kore shi kamar ƙuda. Da rana ta shiga ta yi aikinta, bayan ta fita kuma aka tarar da raɓa.

Daga nan mata suka ƙi shiga ɗaki na uku su kaɗai. Wata ta zo da ruwan coci a kwalba za ta yayyafa, Frosina ta kusa yin kuka tana roƙonta kada ta ƙara ruwa a kan ruwa. Naum ya nemi wadda za ta karɓi zagayen rana daga hannun Dosta, kowace ta sunkuyar da kai. Dosta ta ce, "Bar su. In Metodija ne, ai mijina ne."

Ana cikin haka Frosina ta tsaga wani fure daga layin, a gabansu. Waje kore shar, ciki kuwa toka-toka, gashi-gashi, kamar gemun tsoho, da wari irin na rigar da aka manta a jiƙe. Funfuna ta kama. Masu kamfani suka kira waya daga babban birni. Su ba su san Metodija ba, ba kuma su yarda da fatalwa ba. Abin da suka sani shi ne danshin ɗaki aikin malamar gona ne. Naum ya fara yi wa Frosina magana ba ya kallon idonta, kowa ya gane inda aka dosa. Yarinyar ta rame, tana yini tana kwance injina tana ɗaurawa, ba ta samun komai.

Dosta ba ta yarda da zancen Menka ba, ba ta kuma ƙaryata shi ba. Magana ce, magana kuwa ba ta taɓa ɗaure mata ko damin taba ɗaya ba. Ta ce a ranta za ta zauna ta gani da idonta. Ƙasan wannan kuma akwai wani abin da ba ta so ta duba: in shi ne, tana da tambaya ɗaya da za ta yi masa.

Ran Alhamis da tsakar rana, da sauran suka tafi cin abinci, ta ɗaura fitilar goshi ta shiga. Ƙofa ta rufe a bayanta, ƙarar duniya ta yanke. Ta zubar da bokitai. Ta bi ta bayan layuka har bangon arewa, ta shafa ganye, a bushe. Ta kife bokiti ɗaya ta zauna a kai, ta jingina da bango. Ta kashe fitilar.

Duhun yana da nauyi, kamar an lulluɓa mata bargo. Ba abin da ake ji sai fankoki suna juyawa da injin yana ɗiga cikin bokiti. Warin furen mai kauri ya cika mata takunkumi. Ta zauna hannuwa a kan gwiwa, ta ƙudura ba za ta motsa ba.

Can ta fara jin ganye. In shuka ta kusa girbi manyan ganyayen ƙasa sukan yi rawaya su bushe, haka ake so, Frosina ta sha faɗa. Iskar fanka na kaɗa su suna gogar juna, ƙaras, ƙaras. Dosta ta san wannan ƙarar tun kafin ta san sunanta. Ƙarar taba ce da ta bushe ta wuce kima. Ta miƙa hannu cikin duhu ta taɓa ɗaya, ya karye a yatsunta ya zama gari. Ta taɓa wani, shi ma haka. Duk layin haka yake. Wa ya bar shi ya bushe haka? Gobe masu awo za su zo, su murza ganye su ce ba ta da daraja, ga sanyi ya shigo, ga Spase ba takalmi. Bangon da ta jingina da shi ya yi sanyi irin na da, kafin fenti. Warin ma ya sake, ya koma ɗaci-ɗaci mai zaƙi, har tana jin ƙurar a maƙogwaro. A gefenta na dama, inda tulu yake zama, kamar akwai wanda ke tsaye yana numfashi da ƙyar.

"Dosta."

A hankali aka faɗa, dab da kunnenta.

Ta buɗe baki za ta ce na'am, ta kasa. Bakinta cike yake da ruwa.

Ba a zaune take ba. A tsaye take, can ƙarshen layin, nesa da bokitin. Takunkumi yana ƙarƙashin haɓarta. Kwalbar ruwan shanta tana hannu, murfi a buɗe, saura kaɗan a ciki. Ta lalubi fitilar ta kunna. Koren haske ya faɗa kan ganye, tun daga inda ta zauna har inda take tsaye suna sheƙi, feshi mai laushi, daidai wa daida, ko ɗigo ɗaya bai yi nauyi ba. Aikin gwani.

Ta haɗiye ruwan. Ta juya ta haska dama, ta haska hagu. Shuke-shuke ne kawai a tsaye kamar mutane a coci. Ta jira a ce mata ba ke ba, ruwan. Fankoki suka ci gaba da juyawa.

Ta daɗe a tsaye. Abin da ya fara zuwa mata ba tsoron muryar ba ne. Uwarta ta gani a bakin ƙofa da basilla ba zare. Kullum ta shigo ɗakin nan tana tuna shigarta, tana tuna fitarta da bokiti, ba ta taɓa tambayar kanta abin da ke tsakani ba. Kwalbar da take tararwa ta ragu kuwa, ta ɗauka sha take yi.

Ta mayar da takunkumi, ta fita. Hasken rana ya mare ta a tsakar gidan har sai da ta dafa bango. Ba wanda ya gani. Gora tana kulle a ofis, kyamara ta wanke ta, mata sun ɗora wa mamaci, masu kamfani sun ɗora wa yarinya. Abin da ya rage mata kawai ta daina shiga da kwalba, raɓa ta ɗauke, a ce Metodija ya gaji. Frosina za ta tafi, ita ta zauna a gidanta, ta riƙa kai wa kabari ruwa ran Asabar. Ta auna wannan a ranta sosai, ba ta yi wa kanta ƙaryar cewa ba ta so ba. Tana so.

Ta shiga wurin cin abinci. Mata na zaune da kwanonin wake da gasasshen barkono. A teburin gefe Naum na gaya wa Frosina cewa masu kamfani za su aiko da wani daga birni, ita kuma tana kallon burodin da ba ta taɓa ba.

Dosta ta je ta ɗauki kofin ruwan da ke gaban Naum.

"Teta, lafiya? Nawa ne fa."

Ta guntsa, ta juya ga gilashin taga, ta matse leɓe ta fesa. Ruwan ya fita kamar hayaƙi ya kwanta a gilashin lif, har duwatsun bayan gari suka dushe. Ta ajiye kofin.

"Ga gorar da ba ka kulle ba."

Cokula suka tsaya. Frosina ta tashi ta je ta tsura wa gilashin ido, ta sa yatsa ta ja layi a kai.

"Ke ce?" in ji Naum. "Duk kwanakin nan? Kina kallo muna haukacewa?"

"Ni ce. Yau na sani."

"Kamar yaya yau kika sani?"

"Baki da hannu suka yi. Kaina ba ya nan."

Menka ta ajiye burodinta. Ita ma ta san uwar Dosta, ta ga basillar. "Wayyo 'yar'uwa," ta ce, ba ta ƙara ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Naum ya shafa fuska. Ba mugu ba ne, amma an ɗora masa doka. "Teta Dosta, kin san ba zan iya rufe wannan ba. Layi guda ya tafi. Maganin mutane ne."

"Ban ce ka rufe ba. Ka kira su ka ce ba yarinyar nan ba ce. Sannan ka ba ni almakashi."

Frosina ta riƙe mata hannu. "Teta, zan roƙe su ki zauna a ɗakin dashe. Can ai ruwan ake so."

"Yau ruwa ne, 'yata. Gobe ba ki san me hannun zai tuna ba. Ni ma ban sani ba."

Da yamma, da aka kunna fitilu, ita ta yanke layin bangon arewa da hannunta, Menka na riƙe mata buhu. Shuka bayan shuka, ba ta bar ko reshe ba, ta wanke wurin da magani har bango. Sannan ta cire katin buɗe ƙofa daga wuyanta ta ajiye wa Naum a tebur. Ya ce ta ƙarasa watan a ɗakin dashe tare da Menka, ta ƙarasa. Rassan da ta yi wa feshi na ƙarshe duk sun yi saiwa.

Ita ta kira Spase, ba ta jira ya ji a bakin wani ba.

"Ka ce ranar da aiki ya ƙare ko ranar da kai ya fara. Sun zo tare. Ka zo, amma ka bari in gama gasa barkonon bana."

Ya ce, "To, Mama."

Ɗaki na uku bai sake yin raɓa ba. Frosina tana nan har yanzu, ta sa an ƙara kyamara a bangon arewa, kuma ba mai shiga ɗakin fure da kwalba. Duk da haka mata ba sa son wannan layin, bibbiyu suke zuwa.

Asabar ɗin ƙarshe kafin tafiya, Menka ta raka Dosta maƙabarta. Ta share kabarin, ta kunna kyandir, ta zuba wa ɗoɗɗoyar da ta shuka a kansa ruwa a gindi. A nan ne ta ba Menka labarin muryar, ita kaɗai ta taɓa gaya wa.

Menka ta ja gyalenta ta rufe kafaɗa, ko da yake rana na dukansu. "Ke kin tabbata ba kanki ba ne?"

"Kaina ba ya nan a lokacin. Ai shi aka kira ya dawo."

"To kiranki ya yi, ko hana ki ya yi?"

Dosta ta dubi sauran ruwan da ke kwalbar. Ganyen ɗoɗɗoyar ya yi ƙura, gefensa ya fara bushewa. Ta ɗaga kwalbar har kusa da baki, ta tsaya, ta karkata kai kamar yarinyar da ta ji kira daga gona. Sannan ta mayar da murfi ta ɗaure.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Barkono na jira."